Yadda ake haɗa bargon ƙyallaye da rigar matashi mai ɗinkin giciye don kyautar sallah

Duk wadda ta taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ta san abin da ke ƙarƙashin keke: tulin guntayen atamfa da shadda da yadi, wasu kamar tafin hannu, wasu sun kai kamu guda, ana tattake su har ranar da yaron shago zai share ya kai bola ko ya cinna musu wuta. Ni wannan tulin shi ne jarina. Shekara da shekaru ina bin teloli biyu a unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi da wata ƙawata mai keke a Ali Ɗan Sofo, ina karɓar abin da suka yar, da shi nake yi wa iyaye da 'ya'yan dangi kyautar sallah. Turmin atamfa kowa na iya saye in yana da kuɗi. Amma bargon da kika zauna kika haɗa da hannunki, wanda Inna za ta shimfiɗa ta ce "wannan ai ankon bikin wance ne, wannan kuma rigar sallar jikana ce", babu shi a Babbar Kasuwa ko nawa kika riƙo.

Lokaci ma ya zo daidai. Watan azumi yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ga shi yanzu ya fara shiga ɗari. Na 2027 zai kama a farko-farkon Fabrairu, daga 2028 ita kanta ƙaramar sallah za ta koma cikin Fabrairu, a 2030 kuwa sau biyu za a ɗauki azumi, ɗaya a Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Ke nan tsofaffinmu za su yi shekaru suna tashi sahur cikin hunturu, iska na kaɗowa daga gulbi. In kin gama bargon da wuri, ki haɗa shi da sukari da dabinon da kike aika musu na buɗa-baki, ba sai kin jira ranar idi ba.

Wanda zan kwatanta na mutum ɗaya ne, faɗinsa santimita 108, tsawonsa 148. Ya ishi yaro, ya ishi tsohuwa ta lulluɓa a kan tabarma ko ta yafa a ƙafa tana lazimi. Na zaɓi wannan awon ne don falle guda na atamfa ya isa ya rufe bayansa ba tare da an yi haɗi ba.

Tara ƙyallaye da tantance su

Ki je wa tela da buhu, ki gaya masa abin da kike so da shi, ki roƙe shi ya riƙa ware miki duk guntun da ya fi tafin hannu. In kin gama aiki, ki ɗinka wa matarsa ko ɗiyarsa wani ɗan abu daga ciki, badi ba sai kin roƙa ba. Ki sani kuma, ƙyallayen da ake yarwa a azumin bana ba su za su yi bargon sallar bana ba, lokaci ya ƙure. Su na babbar sallah ne, tunda tsakanin sallolin biyu akwai wata biyu da kwana goma. Na ƙaramar sallah kuwa tun a Rajab ake tara su, daga ɗinkin bukukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In buhun ya zo gida, ki zazzage shi a tsakar gida ki zauna zaɓe. Auduga kaɗai muke so. Leshi, yadi mai santsi, mai miƙewa irin na riga 'yar kanti, mai ƙyalƙyali, duk ki ware su gefe, domin ba sa jan ɗinki daidai da atamfa, kuma dutsen guga na narkar da wasunsu. In kin yi shakkar wani, ki yanki ɗan siriri ki kai bakin ashana a waje, nesa da sauran. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa ƙanƙancewa yake yi, ya narke, ya bar ɗan ƙulli baƙi mai tauri. Atamfa da yawa a kasuwa yanzu roba ce aka buga wa zane, shi ya sa wannan gwajin ya zama dole.

Sai wanki, kuma a nan ne nake roƙon ki kada ki yi ƙyuya. Bargona na farko na haɗa shi da farin yadi da wata jar atamfa ba tare da na wanke ba, na kai wa gwaggona, wankin farko ja ya zuba a cikin farin, bargon ya koma wani ruwan hoda mai dabbare-dabbare. Ta ci gaba da lulluɓa da shi har Allah ya yi mata rasuwa, amma ni har yau in na tuna raina na sosuwa. Ki jiƙa kowane launi daban a roba da ruwa da sabulu: ja da ɗanyen jini wuri guda, shuɗi da baƙi wuri guda, masu haske wuri guda. Ki ɗauraye har ruwan ya fito fari. Wanda kika ɗauraye sau uku yana zuba, ki matse shi a cikin farin tsumma, in ya bar launi ki cire shi gaba ɗaya. Rinanniyar shadda da zanen baba su ne suka fi wannan hali. Za ki ji ana cewa a zuba gishiri ya kama launi. Ni na gwada, in rinin bai zauna tun asali ba gishiri ba ya hana shi zuba. Wankin yana da wani amfani na biyu: auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke yanzu da ta tsuke bayan an ɗinke ta ta ja maƙwabciyarta.

Ki shanya a inuwa, ki goge tun da sauran ɗan laima. In na gawayi ne dutsenki, ki hure toka nesa da kayan, ki shafe ƙasansa da tsumma kafin ki ɗora a kan fari.

Bayan ƙyallayen, ga abin da za ki saya ko ki nemo a cikin gida: yadin auduga mai launi guda mita ɗaya da rabi, falle guda na atamfa don baya, tsohon bargo maras kauri ko tsofaffin zannuwa biyu don ciki, zaren keke, zare mai kauri na ɗaurewa, allura, fil, almakashi mai ci, tef na awo, fensir ko allin tela, da kwali.

Awo da yanka

Kyawun bargon nan kashi mafi yawa a wurin yanka yake. Keke ba ya gyara abin da almakashi ya ɓata.

Ki samu kwali mai tauri ki zana murabba'i, kowane gefe santimita 12. Ki yi amfani da kusurwar littafi ko ma'aunin kusurwa na 'yan lakkwal don kusurwoyin su tsaya cak. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: ki auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ki sake auna ɗaya giciyen, in awon biyu bai zo ɗaya ba kwalin ya karkace, ki sake wani. Ki yanka irinsa uku, domin bakin kwali yana cinyewa da gogar fensir, bayan ƙyalle hamsin sai ki ga ya ragu ba ki sani ba. Kowane ƙyalle ɗinki zai ci masa santimita 1 a kowane gefe, abin da zai fito a fuska shi ne 10.

Ƙyalle 140 muke bukata: 70 na atamfa kala-kala, 70 na yadi mai launi guda. Za su zauna jeri 14, kowane jeri ƙyalle 10. Na san akwai mai cewa me zai hana a yi duka da atamfa tunda kyauta aka samo ta. Ana iya yi, 'yan Bay Fal na ƙasar Senegal haka suke haɗa rigunansu, launi kan launi. Amma atamfarmu zanenta manya ne masu ƙara, in suka haɗu ba mai raba su ido yakan gaji. Yadi mai launi guda shi ne ke ba kowace atamfa wurin numfashi. Shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka sun fi fari jure ƙurar Maraɗi.

Ki kifa ƙyallen, bayansa na kallon ki, ki ɗora kwalin daidai da tafiyar zaren saƙa, kada ki karkata shi don ki kamo wata fure mai kyau. Ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin keke, ya fi 'yan'uwansa tsawo. Ki guji bakin zane inda ake buga sunan kamfani, saƙarsa ta fi tauri. Ki zana, ki yanka a kan layin. Kada ki tara fiye da biyu ki yanka a tare, na ƙasa zamewa yake yi.

Daga ragowar yadin mai launi guda ki fitar da ɗamarar da za ta zagaye bargon, faɗinta santimita 5: biyu masu tsawon 142, biyu masu tsawon 108. Dogayen sai kin yi musu haɗi, ba komai.

Jeri da haɗa fuska

Ki share ɗaki, ki shimfiɗa zanen gado a ƙasa, ki jera ƙyallayen duka a kansa, atamfa ɗaya yadi ɗaya, kamar gidajen dara. Jeri na farko ya fara da atamfa, na biyu ya fara da yadi. Sannan ki miƙe tsaye ki ja baya zuwa bakin ƙofa ki duba. Za ki ga inda ja ya taru wuri guda, ko inda masu duhu suka yi wa gefe ɗaya nauyi, sai ki warwatsa su. Ni nakan ɗauki hoto da waya, domin a ƙaramin hoto kuskuren jeri ya fi fitowa, kuma in yara suka shigo suka hargitsa ina da abin komawa. A nan ne kuma za ki zaɓa wa ƙyallayen da ke da tarihi wurinsu. Guntun zanen da mai bargon ta sani, ki sa shi kusa da sama, inda hannunta zai riƙa taɓawa.

In jerin ya kwanta miki, ki tattara kowane jeri daga hagu zuwa dama, na farko a sama, ki soka masa 'yar takarda mai lamba da fil: 1 zuwa 14.

Kafin ki fara taka keke, ki auna santimita 1 daga allura zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken. Bakin kowane ƙyalle zai riƙa bin wannan layin. Ga dalili: in kowane ɗinki ya kauce da milimita 2 kacal, jeri ɗaya yana da ɗinki 9, kowanne kuma ƙyalle biyu yake ci, kin ga ya haura santimita 3 da rabi ke nan, kuma kusurwoyi ba za su taɓa haɗuwa ba. Mai ɗinkin hannu ta zana layin da fensir a bayan kowane ƙyalle, ta bi shi da ƙananan ɗinki, duk bayan huɗu ko biyar ta koma baya sau ɗaya don ya yi ƙarfi. Da hannu ma ana gamawa, kwanaki ne kawai za su ƙaru.

Ki ɗauki na farko da na biyu, fuska da fuska, ki ɗinke gefen dama. Ki buɗe, ki kifa na uku a kan na biyu, ki ɗinke. Haka har goma. In jerin ya cika ki auna shi, ya kamata ya ba ki santimita 102. In ya kauce da fiye da rabin santimita, ki nemo ɗinkin da ya yi laifi ki farke tun yanzu.

Guga ta biyu ita ce sirrin da mutane da yawa ba su sani ba. Ki kifa jerin, ki kwantar da leɓen ɗinkin gefe guda: jeri na 1, na 3, na 5 da sauran marasa biyu-biyu duk leɓensu ya kalli dama, na 2, na 4, na 6 ya kalli hagu. Dannawa za ki yi ki ɗaga, ba jan dutse ba, ja yana miƙar da ƙyalle. In kin zo haɗa jeri na 1 da na 2 fuska da fuska, za ki ji da yatsa leɓunan sun shige juna sun zauna, ɗaya ya kalli nan ɗaya ya kalli can. Ki soka fil a kowace mahaɗa, guda 9, sannan ki ɗinke, kina zare fil kafin allura ta iso shi. Da haka kusurwoyi huɗu ke haɗuwa a ɗigo ɗaya, kuma wurin ba ya yin tudun da zai karya allura.

Kada ki riƙa ɗora jeri kan jeri har 14, nauyin zai riƙa jan aikin daga kan keke. Ki haɗa bibbiyu, ki samu 7, ki haɗa waɗannan su ma, a ƙarshe rabi biyu su gamu a tsakiya. Ki goge, ki sa dogayen ɗamaru a hagu da dama, ki goge su waje, sannan gajerun a sama da ƙasa. Fuska ta kammala.

Ciki da baya

Bargo hawa uku ne: baya, ciki, fuska. Game da ciki, shawarata ita ce tsohon bargo maras kauri wanda ya sha wanki, ko zannuwa biyu da suka yi laushi, ko akoko da aka wanke. Matan Bangaladash da gabashin Indiya da tsofaffin zannuwansu suke yin irin wannan, su jera su, su bi su da ƙananan ɗinki, kuma abin yana ɗumi ƙwarai. Kaɗa da aka shiɓa tana da daɗin taɓawa, sai dai in ba a ɗinke ta kusa da kusa ba, wanki ɗaya za ta dunƙule a kusurwa. Soso kuma yana riƙe zafi da wari, ya daɗe bai bushe ba, daga baya ya ruɓe ya zama gari. Ban ba ki shawararsa ba.

Ki wanke fallen baya ki goge, ki auna faɗinsa. Muna son aƙalla santimita 114 da tsawon 154, wato ya fi fuska da 3 a kowane gefe. In bai kai ba, ki ƙara masa ɗamara a gefe ɗaya. Ki shimfiɗa shi a kan siminti mai tsabta, fuskarsa ƙasa, ki danne kusurwoyin da duwatsu ko ki manne su da salatif, ya miƙe amma kada ki ɗame shi. Ki ɗora ciki, wanda kika yanka daidai da girman fuska, sannan fuska a sama tana kallon ki. Ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje.

Yanzu sai riƙo na wucin gadi. Ki sa dogon zare mai launin da zai fito fili, ki yi manyan ɗinki kamar tsawon yatsa, daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa, zuwa hagu, zuwa dama, zuwa kusurwoyi huɗu, sannan layuka tsakaninsu kamar taƙi guda. Kullum daga tsakiya ake farawa don duk wani rarar ƙyalle ya gudu waje. In kika fara daga baki, rarar za ta taru a tsakiya ta yi tattara. Ƙaramin cokali yana taimakawa wajen tallabo bakin allura daga ƙasa.

Hanya biyu ce ta haɗa hawa ukun har abada. Mai sauri ita ce ɗauri: a kowace mahaɗar kusurwoyi huɗu, kuma 117 ne a wannan bargon, ki soka allura da zare mai kauri ninki biyu har baya, ki fito kusa da inda kika shiga, ki sake zagayawa sau ɗaya, ki ƙulla sau biyu, ki yanke ki bar jela kamar santimita 1 da rabi. Yamma biyu ta isa. Wadda na fi so kuwa ita ce ɗinkin shiga-da-fita da hannu, ana bin giciyen kowane ƙyalle mai launi guda daga kusurwa zuwa kusurwa, har layukan su ratsa bargon duka. Ki ja layin da allin tela da ma'auni. Ƙullin farko ki shigar da allura ta fuska, ki ja a hankali har ya faɗa cikin bargon ya ɓuya. Ba ƙanƙantar ɗinki ce abin nema ba, daidaituwarsa ce: in rabin santimita kika fara, ki tafi da rabin santimita. Ki sa 'yar hular ƙarfe a yatsan tsakiya, in babu ki naɗa guntun fata. Wannan aikin yana cin mako biyu ko uku na zaman bayan la'asar, kuma shi ne ke sa bargon ya yi wannan laushi mai 'yan tudu-tudu bayan wanki. In jariri za a yi wa, ɗinkin ya fi ɗauri, saboda yaro yana jan jelar zare ya kai baki.

In kin gama ki zare riƙon wucin gadi. Ki daidaita bayan ya rage santimita 3 cif a kowane gefe. Ki naɗe 1, ki sake naɗo 2 a kan fuska, ki soka fil, ki ɗinke da keke ko da hannu. A kusurwa, ki fara naɗo ƙarshen kusurwar ciki kamar kunnen takarda, sannan gefunan biyu su zo su haɗu a kanta.

Rigar matashi mai ɗinkin giciye

Wadda ba ta da lokacin bargo, ko take son ta raka shi da wani abu, ta yi wannan. Ɗinkin giciye shi ne wanda Faransawa ke kira fuwan da kurwa: kowane ɗinki zare biyu ne da suka gicciye a cikin ɗan gida ɗaya, da tarinsu ake fitar da rubutu ko zane. Aikin ƙidaya ne, duk wadda ta taɓa ganin mai aikin hula yana bin gida-gida ba zai zame mata baƙo ba.

Ƙyallensa na musamman ana ce masa Aida, saƙarsa gida-gida ce da ramuka a fili. Wanda aka fi amfani da shi yana da gida 14 a inci guda, wato kusan 5 da rabi a santimita. Ki tambayi masu sayar da kayan ɗinki, ko ki ba masu zuwa Katsina ko Kano sautu. In bai samu ba, yadi mai ƙananan gidajen dara, fari da shuɗi ko fari da ja, yana yin aikin: kowane gida giciye ɗaya. Zaren kuwa mai silli shida ne da ake rabawa. Na kamfanin DMC na ƙasar Faransa shi ne sananne, ƙulli ɗaya mita 8 ne, kowane launi da lambarsa, ki riƙe takardar don in ya ƙare ki samu irinsa. In mai arha kika saya, ki jiƙa guntunsa ki matse a farin tsumma kamar yadda muka yi wa atamfa. Allurarsa mai dakusasshen baki ce da faffaɗan ido, lamba 24, tana bin rami ba ta tsaga saƙa.

Zanen ki fitar da shi da kanki a kayen lissafi, wato littafin rubutu mai gida-gida, kowane gida ɗinki ɗaya. Wannan ya fi kwafo na intanet, domin haruffansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ke kuwa kina iya ƙara wa harafi lanƙwasarsa da gida biyu ko uku. Lissafin girma haka yake: suna mai harafi 5, kowane harafi faɗin gida 9, tsakaninsu gida 2, ya zama gida 53. Ki raba da 5 da rabi, kusan santimita 10 ke nan. Ki yanka ƙyallen ya fi zanen da santimita 5 ta kowane gefe. "Barka da sallah" da sunan mai shi sun isa, ko dagi a tsakiya da ƙananan taurari a gefe. Ajami ma yana zama da kyau in aka miƙe haruffan suka bi gidajen. Abu ɗaya nake jan kunne a kai: sunan Allah ko aya ba a sa su a abin da za a ta da kai da shi, a zauna a kai, a cuɗa shi da sauran wanki. Mai son wannan ta yi shi don bango.

Ki ninka ƙyallen gida huɗu ki gano tsakiyarsa, ki gano tsakiyar zanen, daga nan za ki fara. Ki ɗame shi a zoben katako in kina da shi. Ki zaro silli ɗaya mai tsawon kamu biyu, ki ninka shi biyu, ki zura bakunan biyu a idon allura, ɗaya ƙarshen ya zama zarge. Ki fito daga baya ta ramin ƙasa na hagu, ki shiga ta ramin sama na dama, a baya ki zura allurar cikin zargen ki ja. Ya kama ke nan ba ƙulli. Ki bi jerin gidajen kina yin wannan rabin giciyen har ƙarshe, sannan ki dawo kina rufe su daga ƙasa ta dama zuwa sama ta hagu. Dokar da ba a karyawa ita ce zaren sama na kowane giciye ya kalli gefe ɗaya a aikin duka, in aka gauraya haske yakan nuna shi tun daga nesa. Kada ki ja zare da ƙarfi har rami ya buɗe. In zaren ya murɗe, ki saki allurar ta yi lilo ta warware. In ya kusa ƙarewa, ki zura shi ƙarƙashin ɗinki huɗu a baya ki yanke. Kuma kada ki tsallaka da zare mai duhu daga harafi zuwa harafi ta baya, yana nunawa ta cikin farin.

Da hasken rana ake wannan aikin, da hantsi ko bayan azahar, da hannu wankakke. Man girki ko lalle ɗanye in ya taɓa farin Aida da wuya ya fita.

In zanen ya kammala, ki wanke shi da ruwan sanyi, ki kifa a kan tawul ki goge bayansa don giciyen kada su kwanta. Ga matashi mai santimita 40 kowane gefe, ki yanka gaba 42 da 42, ki naɗe bakin Aida ki ɗinke shi a tsakiya, ko ki zagaye shi da guntayen atamfar da suka rage daga bargon don su zama 'yan gida ɗaya. Baya kuwa ƙyalle biyu ne, kowanne 42 da 28. Ki yi wa dogon gefe ɗaya na kowannensu kalmasa mai cin santimita 2, ki kifa su a kan gaban fuska da fuska, masu kalmasar su hau juna a tsakiya, ki ɗinke zagaye, ki datse kusurwoyi, ki juya. Ba zif, ba maɓalli, ta wannan bakin ake zura matashin.

Guntayen da suka rage ma ba na yarwa ba ne. Ƙyalle mai 20 da 50 in aka ninka shi, aka ɗinke gefuna, aka yi wa baki kalmasa mai faɗi aka zura igiya, ya zama 'yar jakar da yara za su zuba barka da sallarsu ranar hawa. Ƙyalle tara da aka haɗa uku-uku aka yi wa shafi ya zama marufin tiren da ake kai wa maƙwabta tuwon sallah.

Kafin ki ba da bargon ki wanke shi sau ɗaya da ruwan sanyi don alli da gumin hannu su fita, ki shanya a inuwa a kan igiya biyu saboda nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin. A bayansa, can kusurwar ƙasa, ki ɗinka ɗan guntun Aida mai ɗauke da sunan mai shi da shekarar. In kin aiki yaro da shi, ki ce ya gaya wa Inna kada a kai wa mai wanki ya buga shi a kan dutse, a cuɗa shi da hannu a hankali, kuma in ɗari ya wuce a ninke shi a cikin tsohon zane, ba a leda ba.